Zaure da Kasuwa a Waya Ɗaya: Zumunci da Ciniki a Iyakar Gobir

Da Facebook da ire-irensa suka iso ƙasar Hausa, sunan da aka raɗa musu shi ne shafukan sada zumunta. Ba wanda ya kira su shafukan ciniki, ko da yake a yau da wuya ka buɗe ɗaya daga cikinsu ba ka ci karo da mai tallar atamfa, ko mai neman dillalin wake, ko mai cigiyar motar da za ta ɗauki albasa zuwa Legas ba. Sunan ya nuna abin da Bahaushe ya fara hangowa a cikinsu, wato hanyar gaida ɗan'uwa na nesa. Ciniki daga baya ya biyo sahu, kamar yadda ya saba bin zumunci tun kafin a san waya.

Tambayar da ake yawan yi, cewa wane shafi ne ya dace da harkar mutum ta ƙashin kansa, wane ne kuma ya dace da kasuwanci, daga Amurka ta taso. A can aka buɗe LinkedIn a 2003 domin ma'aikata da kamfanoni, aka buɗe Facebook a 2004 domin ɗaliban jami'ar Harvard, bisa tunanin cewa wurin aiki daban, gida daban. Wannan rabo yana da ma'ana a inda takardar yarjejeniya da kotu ke tsare dukiyar ɗan kasuwa. A Tsamaye, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, da sauran garuruwan gabashin Sakkwato har zuwa Isa, abin da ke tsare dukiya shi ne sanayya: wa ya san ka, kuma wa zai tsaya maka. Saboda haka kafin a auna WhatsApp da TikTok a wannan yanki, sai an san yadda magabata suka haɗa zumunci da ciniki, da kuma shingen da suka gina a tsakaninsu.

Al'umma ɗaya, tutoci biyu

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ya faɗa hannun mayaƙan jihadi a 1808, kufansa kuma yana nan a ƙasar Sabon Birni ta yau. Gobirawan da ba su miƙa wuya ba suka yi arewa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma wani reshe na gidan sarautar ya dawo kudu ya kafa Sabon Birni. Da Ingila da Faransa suka zo rabon ƙasa, yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906 suka ja layi ta tsakiyar wannan al'umma. Tsibiri ta faɗa wa Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa wa Ingila.

Layin bai raba auratayya ba, kamar yadda bai hana Gulbin Maraɗi gangarowa ya haɗu da Rima ba. Har gobe mutum na iya samun kawu a Gidan Runji, gwaggo a Madawa, suruki a Isa. Abin da layin ya yi shi ne ya raba kuɗi da haraji da farashi gida biyu, kuma duk inda farashi ya bambanta, ciniki ya samu. Amma wanda ya ba da bashin buhun gero goma a ƙetaren iyaka ba shi da alƙalin da zai kai ƙara gare shi idan aka cinye masa. Dole ya ba wanda ba zai iya ɓace masa ba: ɗan'uwa, ko suruki, ko wanda suka yi karatun allo tare. Ta haka zumunci ya zama jarin ɗan kasuwar kan iyaka.

Mai gida, dillali da 'yar talla

Wannan dabara ta girmi iyakar. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19 sukan shafe watanni a hanya, cikin ayari ƙarƙashin madugu, suna sauka zango-zango har Salaga, a ƙasar Gana ta yau. A kowane babban zango akwai mai masauki da zai ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya a matsayin shaida. Baƙo bai san kowa a garin ba, amma ya san mai gidansa, mai gidan kuma ya san gari. Da ɗan gari akan ci gari.

Masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma bayyana wannan tsari a littafin da ya wallafa a 1969. Abin da ya tarar shi ne shanun da ake kawowa daga arewa bashi ake ba mahautan Yarbawa, ba tare da takarda ba. Mai gida ne ke lamuni. Shi da dillalansa sun san wane mahauci ne ke biya, wane ne ke taurin bashi, kuma idan aka ƙi biya, sunan mai gidan ne ke zubewa a idon masu shanu. Bagobirin da ya sauka a irin wannan kasuwa yana da wani ƙarin tsani, domin tsagar fuskarsa ta riga ta faɗi asalinsa, kuma tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasan barkwanci mai daɗaɗɗen tarihi. Zolaya takan buɗe ƙofar magana, sai dai ba ta biyan bashi. Wannan aikin mai gida ne.

A nan ne hikimar take. Ciniki yana tafiya a kan sanayya, amma ba a barin mai kaya da mai saye su yi ta kai-tsaye. Ana sa mutum na uku a tsakani, a biya shi la'ada, ya ɗauki nauyin tayi da albarka da bin bashi. Idan ciniki ya ɓaci, da dillali ake faɗa, zumunci ya tsira.

Mata ma suna da nasu tsarin. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna cewa kaso mai yawa na cinikin hatsi da abinci a cikin gidaje ake yin sa, a hannun matan aure da ba sa zuwa kasuwa. Enid Schildkrout ta ga irin haka a birnin Kano a shekarun 1970. Mace na ɗakinta tana soya ƙuli-ƙuli ko dama fura, yarinya ta ɗauki faranti ta zaga gari. 'Yar talla ce idonta da bakinta: ita ke kai kaya, ta karɓo kuɗi, ta kawo labarin farashi da na wanda ya haihu da wanda ya rasu.

Ko ginin gidan Bahaushe ya bi wannan tsari. Akwai cikin gida, inda baƙo namiji ba ya shiga. Akwai zaure, inda mai gida ke karɓar wanda ya sani ko wanda aka gabatar masa. Akwai kasuwa, can waje, inda kowa ke ganin kowa. Mutum ɗaya ne ke zirga-zirga a wurare ukun, amma abin da zai faɗa a ɗaya ba zai faɗa a ɗayan ba.

Daga ɗan aike zuwa saƙon murya

Ƙarni na 20 ya ƙara saurin saƙo ba tare da ya rushe wannan tsari ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, daga nan hanya ta bi ta Shinkafi zuwa Isa da Sabon Birni. Direban mota ya gaji ɗan aike: a ba shi wasiƙar ajami ko ta boko, a ba shi kuɗi a ƙulle, ya kai. 'Yan cin rani suka riƙa aiko da sallahu ta bakin wanda zai koma gida. Rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, ya buɗe wani fili na daban da shirin Zaɓi Sonka, inda mutum ke aika kati a karanta sunansa da jerin waɗanda yake gaisarwa. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka san juna ta suna, har suka kafa ƙungiyoyi. Idan ana neman shafin sada zumunta na farko a ƙasar Hausa, to a nan ya kamata a duba, kuma na gaisuwa ne zalla.

Wayar salula ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, a Nijar ma cikin wannan shekara. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda sabis ya isa, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalilin a fili yake. Ɗan kasuwar da a da sai ya hau mota ya je ya ji farashin gero, yanzu kira ɗaya ya ishe shi. Sai dai wa yake kira? Wanda ya riga ya sani. Waya ta rage wahalar tafiya, amana kuwa tana nan inda take.

Sannan shafukan suka zo ɗaya bayan ɗaya. Matasa da dama da 2go suka fara a ƙananan wayoyi, kafin Facebook ya mamaye. WhatsApp ya fito a 2009, Instagram a 2010, kamfanin Facebook ya saye Instagram a 2012 da WhatsApp a 2014. TikTok ya bazu a duniya daga 2017. Abin da ya fi sauya al'amura a karkara shi ne saƙon murya, wanda WhatsApp ya ƙara a 2013. Daga ranar, wanda bai yi boko ba ya daina neman mai rubuta masa saƙo.

Ma'auni uku

Idan aka ɗauki darasin tarihin nan, tambayoyi uku ne za a yi wa kowane shafi. Wa ke ganin abin da ka sa? Wa zai tsaya maka idan aka cuce ka? Me kake bukata kafin ka shiga, karatu ne, ko data mai yawa, ko sabis mai ƙarfi?

WhatsApp shi ne zaure, kuma ba banza ba Hausawa ke cewa zauren WhatsApp. Ba mai shigo maka sai wanda ke da lambarka, lambar kuma wani ne ya ba shi. Ba ya cin data sosai, yana lallaɓawa ko da sabis ya yi rauni, murya kuma ta wadatar. Shi ya sa ya fi kowane shafi dacewa da zumunci: sanarwar suna da ɗaurin aure da ta'aziyya, da gaisuwar dangin da ke Maraɗi ko Agege. Shi ya sa kuma ya fi dacewa da cinikin da ya ginu a kan sanayya. Mai dabbobi ya ɗauki bidiyon rago ya tura wa dillalinsa a kudu, a yi tayi da murya, a shirya. Matar aure ta ɗora hoton turaren wuta ko zannuwan gado a sitatus, waɗanda ke da lambarta su gani. Wannan shi ne farantin talla na zamani, kuma yana da wata fa'ida babba, domin yarinyar da za ta ɗauki farantin tana iya zama a aji. Rauninsa shi ne kasuwarka ba ta wuce yawan lambobin da ke wayarka.

Facebook dandali ne. Akwai 'yan'uwa, akwai abokan makaranta, akwai kuma dubban da ba ka sani ba. Ya dace da shelar da ake so gari ya ji, da muhawarar siyasa, da ƙungiyoyin 'yan asalin gari mazauna nesa. Ga ɗan kasuwa, amfaninsa shi ne baƙo zai iya tsintar sa. Amma sunan da ke kan shafi ba lallai ne na mai shafin ba, hoton ma haka. Wanda ya tura kuɗi don ya ga hoton kaya a Facebook ya yi cinikin biri a sama.

Instagram rumfa ce mai gilashi a babban titi. Ya karɓi masu sayar da kayan sawa da kayan ɗaki da abinci a Kano da Kaduna da Abuja, inda masu saye ke da manyan wayoyi da kuɗin data. Mai buhun wake a Tsamaye ba shi da abin yi a can. TikTok kuwa sanƙira ne. Manhajar ce ke zaɓar wanda za ta nuna wa bidiyonka, ba sai ya san ka ba, don haka muryarka na iya kaiwa inda ba ka taɓa zato ba cikin dare ɗaya. Yana tara jama'a, amma taron kallo ne, kuma yana shan data kamar rairayi. Wanda ya iya shi yakan yi shela a can, ya ce a same shi a WhatsApp.

X, wanda a da ake kira Twitter, majalisar 'yan boko ce da 'yan jarida da masu mulki. Amfaninsa ga mutumin karkara shi ne idan kukansa ya kai can, yakan isa kunnen hukuma. LinkedIn kuma na mai takardar shaida ne da ke neman aiki a kamfani ko ƙungiyar agaji. Shafin da aka gina musamman domin sana'a shi ne mafi ƙarancin amfani ga masu sana'ar wannan yanki, domin da takarda yake auna mutum, su kuwa da mutane suke auna shi.

A tambaya ta biyu, wato wa zai tsaya maka, duk shafukan amsarsu ɗaya ce: babu. Ba wanda ya gaji mai gidan Sabo a cikinsu. Sun kawo mai saye da mai sayarwa fuska da fuska, sun cire na tsakiya, shi kuwa na tsakiyar shi ne ke ɗauke da lamuni. Alat na bogi, da kayan da aka biya ba su iso ba, da wanda ya sace lambar mutum ya bi danginsa yana roƙon kuɗi da sunansa, duk daga wannan giɓi suke fitowa.

Shekarar da aka ɗauke sabis

Shekarar 2021 ta gwada waɗannan shafuka ɗaya bayan ɗaya. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba ta sake shi ba sai 13 ga Janairun 2022. An yi ta ce-ce-ku-ce a Legas da Abuja, amma a kasuwannin gabashin Sakkwato ba abin da ya tsaya. Ranar 4 ga Oktoba, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Wannan ma bai dami yankin ba, saboda wani dalili mai ɗaci: a lokacin babu sabis ɗin ma gaba ɗaya.

Tun farkon Satumba aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga. Cikin watan, gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sanar da rufe su a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, har da Sabon Birni da Isa. An kuma hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, an rufe hanyar Isa zuwa Marnona. Manufar ita ce a yanke hulɗar 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Amma turken da ke ɗauke da kiran ɓarawo shi ne ke ɗauke da gaisuwar uwa da ɗanta, da farashin gero, da tiransifar mai POS, da gargaɗin cewa kada a bi hanya kaza yau. Dangin da rikici ya kora zuwa jihar Maraɗi tun 2019 suka daina jin ɗuriyar na gida. Waɗanda ke daf da iyaka suka koma neman sabis ɗin Nijar, sauran kuma suka koma ga direba da ɗan aike. Layin da Turawa suka ja ya zama mafita, tsohuwar hanyar kakanni kuma ita ta rage a tsaye.

Magabata ba su taɓa rataya komai a ƙusa ɗaya haka ba. Idan kasuwa ba ta ci ba, zaure na nan. Idan ayari ya makara, masallaci da gidan biki suna kawo labari. Yau cikin gida da zaure da kasuwa duk suna cikin waya ɗaya, wayar kuma tana rataye da turke ɗaya.

Wa ke gani

Saura tambaya ta farko, wadda a wannan yanki ta zama ta rai da mutuwa. Ƙa'idar talla a intanet ita ce ka nuna: nuna kaya, nuna yawansu, nuna cewa kana samu, don a yarda da kai. Ƙa'idar zama lafiya a inda ake satar mutane don kuɗin fansa kuwa ita ce ka rufa wa kanka asiri. Hoton garken shanu da zai jawo mai saye daga Ibadan shi ne zai faɗa wa infoma gidan da za a shiga. Idan shafin da kake tallar kaya shi ne wanda ka ɗora hoton 'ya'yanka da ƙofar gidanka da ranar da za ka yi tafiya, to ka kai cikin gida tsakiyar kasuwa.

Saboda haka amsar tambayar da aka faro da ita ba ta tsaya ga sunan shafi ba. Ta danganta da ko mutum zai iya sake gina shingen da waya ta rushe. Kayan aikin suna nan. Tun 2018 akwai WhatsApp Business, wanda ke ba mutum damar ware lambar ciniki daga ta iyali, ko da a waya ɗaya ce. Ana iya zaɓar waɗanda za su ga sitatus. A Facebook ana iya buɗe shafin sana'a dabam da na mutum, a sa kaya ba tare da an sa fuska ko unguwa ba. A yi shela a Facebook ko TikTok, a yi tayi a WhatsApp, a bar hotunan iyali a zauren dangi.

Na tsakiya ma yana dawowa da kansa, domin bukatarsa ba ta gushe ba. Direban tasha da ake ba kaya, ba ya miƙawa sai an biya, aikin mai masauki yake yi. Shugaban zauren 'yan kasuwa da ba ya shigar da sabon mutum sai wani ya tsaya masa, kuma yake korar wanda ya ci amana, aikin mai gidan Sabo yake yi. Mai saye da ya ga kaya a TikTok, ya kira ɗan'uwansa da ke garin ya ce je ka gano mini da idonka, ya bi hanyar da fataken Gwanja suka bi. Kafin ka tura kuɗi ga lambar da ba ka sani ba, tambayar da za ka yi ita ce wadda ake yi wa baƙo a zango tun zamanin ayari: wane ne mai gidanka a garin nan?